Hanjin da Na Wanke

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Ƴata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinta. Na fita takaba amma idona bai bushe ba, kuma ba na jin kunyar kowa a kan haka, don shekara hamsin da ɗoriya muka yi tare. Abin da nake so a rubuta labarin ƴan watanni ne a cikin farin nan na biyu, shekarar da muka ci jar dawa ta taimako.

Malam, haka nake kiransa, ƙaramin ma'aikaci ne a gidan likitan dabbobi na nan Damagaram. Shi ke kayar da sa, shi ke riƙe raƙumi a yi masa allura, shi ke wanke ɗaki. Gidanmu a Zango yake, ɗaki uku da zaure. Da aka yi damina biyu ba a girbe abin kirki ba, danginsa na Durum suka taso gaba ɗaya, yayarsa da ƴaƴanta da surukanta, har muka zama baki goma sha bakwai a tukunya ɗaya. Duk abin da ke shiga tukunyar nan daga aikin Malam yake fitowa. In aikin ya tafi, ba mu da gona, ba mu da ko akuya.

A cikin wannan hali hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara gani, ranar da ludayi ya riƙa bugun haƙoransa yana shan fura. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai san na gani ba. In dai aikin ƙarfi ne babu laifi, ya danƙe ƙahon sa hannun ya tsaya cak. Ƙaramin aiki ne ke tona shi, kamar saka maɓalli ko zura zare.

Sai ga sabon likita an kawo, yaro ne a kan Malam, ɗan garin nan da ya yi karatu a Dakar. Ya zo da wani baƙin tiyo mai kaurin ɗan yatsa, tsawonsa ya fi kamu biyu, da fitila a bakinsa. A lokacin kyanwoyin da aka ajiye a babban magaza, ɗakin ajiyar hatsin taimako, suna ta ramewa, suna zawo da jini suna mutuwa, ɓeraye kuwa sun samu gari, suna fasa buhuna. Karnukan makiyayan da suka sauka a bayan gari su ma haka. Mutane suna cewa bayin Allah na faɗuwa da yunwa, shi kuma ya zo leƙen cikin karnuka. Shi dai cewa yake yi in kyanwa ta ƙare, ɓera ne zai cinye rabon marayu.

Yadda aikin yake, ana yi wa dabbar allurar barci, Malam ya riƙe mata baki, likita ya zura tiyon har cikin tumbi da hanji, idonsa a ɗaya ƙarshen yana kallo. Sai ya tura wata siririyar waya mai ɗan baki kamar na tururuwa, ta gutsuro nama daga bangon hanji, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Yakan ciro takwas ko goma, ya zuba su a kan ɗan ƙyalle mai danshi a faranti, ya miƙa wa Malam. Malam ya kai ɗakin baya, ya ɗauki kowane da tsinin allura, ya warware shi don nannaɗewa yake yi, ya shimfiɗa a ƴar takarda, bayansa a ƙasa fuskarsa a sama, ya jefa a kwalbar wani ruwa mai yajin ido da suke ce wa farmol. Na tumbi kwalba mai jar alama, na hanji mai shuɗiya. In akwati ya cika a ba motar Yamai, can akwai masu yanka su su duba da madubi su faɗi cutar.

Kullum da hantsi nakan kai masa ƴar fura ta ƙofar baya. Wata rana na tarar da shi a tsaye kan tebur, gumi ya jiƙe masa riga, allura tana rawa a hannunsa kamar kara a iska. Ya yaga guda uku, na huɗun ya faɗi ƙasa. Ya ɗago ya kalle ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar.

Ni kuwa ɗinkin hula nake yi tun ina budurwa, allura ba baƙuwata ba ce. Na ajiye ƙwarya na ce, “Malam, kawo.”

Ya ce, “Naman kyanwa ne fa. Gobe na kare.”

Na ce, “To ci zan yi? Kawo kafin a kira ka.”

Ya nuna mini da guda ɗaya: baya ƙasa, fuska sama, sai kwalba. Bai gama ba likita ya ƙwala masa kira ya zo ya riƙe wata kyanwar. Ya fita ya ja ƙofa ya bar ni da farantin.

A nan na yi abin da na yi. Da na duba ƴan naman nan da kyau sai na ga yauƙi a jikinsu, da ɗan jini-jini. Ke da kike rubutun nan kin san yadda na koya miki gyaran kayan ciki ranar layya. Wace mace ce za ta ajiye hanji da yauƙinsa? A juya shi, a murje da gishiri, a ɗauraye har sai ya yi fari. Na ce a raina, maza dai ba su san tsabta ba, wannan abu har Yamai za shi, manyan mutane su buɗe su ga ƙazanta su ce mijina ne. Na tsiyayo ruwa daga butata a cikin cokali, na riƙa saka su ɗaya-ɗaya, ina murzawa a hankali da ɗan yatsa har su yi fes, sannan in shimfiɗa su. Suka jeru a takarda farare tas kamar haƙoran jariri. Da Malam ya dawo ya leƙa kwalaben ya ga komai a shimfiɗe, ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ban gaya masa na wanke ba, don a wurina ba abin faɗa ba ne, kamar ka ce ka yi bisimilla kafin ka ci abinci.

Mako uku muna haka. In na fito in goge hannuna da ƙasa da sabulu a bayan katanga, in dawo gida in tuƙa tuwo, babu wanda ya sani. Akwati ya cika ya tafi. Likita ya ce a dakata da tiyo sai amsa ta zo.

Amsar ta yi kusan kwana arba'in. Ranar da ta zo Malam ya dawo tun kafin azahar, ya shige ɗaki bai yi wa kowa magana ba. Na bi shi. Ya ce takarda ta zo, sun ce ba su ga komai ba, naman duk a murje yake, fuskarsa ta tafi, kamar an jiƙa shi a ruwa. Likita ya buga tebur, ya ce aikin wata biyu ya zube, kyanwoyi sun ci gaba da mutuwa, kuma ya lura da hannun Malam tuntuni yana dai kawar da kai. Ya ba shi zuwa ƙarshen wata.

Ya zauna bakin gado ya ce, “Ni abin da ban gane ba shi ne maganar ruwa. Me kike yi musu in na fita?”

Na ce, “Babu komai. In wanke su, in shimfiɗa, in sa a kwalba.”

“Ki me?”

“In wanke su mana. Da yauƙinsu za a kai wa mutane?”

Ya kalle ni. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji, har hawaye suka zubo masa a gemu. Ya ce, “Yauƙin ai shi ake nema, ƴar Fulani. Shi ake aikawa Yamai.”

Na ce gobe zan je in gaya wa likita ni ce. Ya daina dariya nan take. Ya ce bai yarda ba. Gara a ce an kore shi don hannunsa ya tsufa, da a ji a Zango cewa ya ɓuya a bayan matarsa, ya sa ta taɓa cikin kare tana dawowa tana tuƙa wa yayarsa tuwo. Ya ce in na taka ƙofar likitan nan da wannan magana bai yafe ba.

Tun da aka kawo ni gidansa daga Zermu ban taɓa fita ba sai da izninsa. Amma da gari ya waye na ga ƴan jikokin yayarsa sun jeru da ƙoƙunansu suna jiran koko, na lissafa kwanakin da suka rage a wata, sai na ɗauki mayafina. Har yau ina neman gafarar Allah a kan fitar nan, kuma har yau da za a mai da ni ranar, fita zan yi.

Ban taɓa ganin fuskar likitan ba, muryarsa kawai nake ji ta bango. Ina tafe ina tunanin yadda mace irina za ta buɗe baki a gaban mai biro, wato mai ofis. Da na leƙa ƙofa na gan shi zaune, sai ga tsagen Barebari a kumatunsa, layi-layi. Ni kuwa uwa da uba Fulani ne, zaman gari ne kawai ya cinye mana harshe. Tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da abokin wasa ya faɗa maka ba ka da ikon fushi. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Na yi sallama na ce, “Ina bawan nan nawa da aka aika Dakar ya dawo da girman kai?”

Ya ɗago a fusace, ya dubi hancina da wuyana, sai bakinsa ya motsa. Ya ce, “Yau kuma Fillo har cikin biro? Inna, ba ma sayen nono a nan. Ina ma kuka ga nonon, shanun naku sun ƙare.”

Maganar ta soke ni, don garken kawuna ko ɗan maraƙi bai rage ba. Na haɗiye na ce, “Sun ƙare. Shi ya sa na zo duba sauran dukiyar da ta rage mini, ga ka nan zaune kan kujera.”

Ya yi dariya ya ce in shigo. Na durƙusa bakin tebur na ce, “Ka san dai ba ka da ikon yin fushi da ni.”

Ya ce, “Faɗi dai, Inna. Wa kika kashe?”

Na gaya masa ko ni matar wace ce, da duk abin da ya faru, da cokalin da butar, ban rage komai ba. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dafe kai da hannu biyu ya ce, “Da ruwan buta. Kika murza da yatsa.”

Na ce, “Sun yi fari tas.”

Ya ce, “Na sani. Haka suka rubuto.”

Ya tashi ya ɗauko wani littafi mai hotuna ya buɗe mini. Na ga abu kamar ƴan yatsu a tsaitsaye, cunkus, kamar ciyawar da ta tsiro bayan ruwan fari. Ya ce haka fuskar hanji take in an ƙara mata girma, abin da na ɗauka yauƙi ne su ne waɗannan, kuma a jikinsu cuta take barin sawunta. Ruwan buta yana kumbura su su fashe, yatsa kuma ya kwantar da su. Ya ce, “Kin wanke allon kafin malam ya duba rubutun.” Sai ya ƙara da cewa ba wankin ne ya fi ɓata masa rai ba, ɓoyon ne. Da Baba, haka yake kiran Malam, ya gaya masa tun farko, da an san yadda aka yi.

Na ce, “Mutum mai baki goma sha bakwai a gida zai zo ya ce maka hannunsa ya mutu? Kai da a ce kai ne za ka faɗa?”

Ya rufe littafin. Daidai nan ƙofa ta buɗe, sai ga Malam da wani jan kare na makiyaya a rungume, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ya gan ni a durƙushe. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba.

Ya ce, “Wa ya ba ki iznin fitowa?”

Likita ya ce, “Baba, ɗora karen nan a tebur tukuna. Inna, wanke hannunki. Hannunki kawai na ce, ban ce ki wanke mini komai ba.”

Ranar ya sake fito da tiyon. Na tsaya a gefensa na ga komai da idona, Malam yana riƙe da bakin karen bai ko dubi inda nake ba. Duk wanda wayar ta ciro, likita ya buɗe ɗan bakin a gabana, ni in ɗauke da tsinin allura kai tsaye, ba a ma sa a faranti ba. Ya ce kada in soka, in tallabo daga ƙasa, in bar shi ya kwanta da kansa. In ya manne a takarda, numfashi biyar ko shida, sai kwalba, kada ya bushe. Yauƙin yana ƙyalli a kansu, yatsana yana ƙaiƙayi, na cije leɓe na bar shi. Goma na shimfiɗa, babu wanda ya yage. Likita ya ɗaga kwalba a hasken taga ya juya ta ya ce, “Ashe Fulani sun iya wani abu ban da gudu da kara.”

Amma bai ce an yafe ba. Ya ce za a cika wani akwatin, ni in shimfiɗa, Baba ya riƙe dabba. In amsa ta zo da kyau, Baba yana nan. In ta sake zuwa babu komai, ba shi da abin da zai faɗa wa na sama da shi.

Kwanakin jiran nan sun fi mini yunwar ɗaci. Malam ya yi kwana uku bai ci abincina ba, a irin shekarar nan. Da safe ya riga ni fita, ni in biyo baya, a ɗakin aiki ya yi kamar bai san ni ba. Labari kuma ya isa gida. Yayarsa ta ture akushi ta ce ita ba ta cin tuwon mai taɓa kare. Ta wuni ta kwana a kan bakanta. Washegari da la'asar ta matso kusa da murhu ta ce, “Kina dai wanke hannun sosai ko?”

Na ce, “Yaya, ai wanki ne ya jefa mu a wannan hali.”

Ta ce, “To zubo, kaɗan.” Ta cinye ta nemi ƙari.

Teburin ɗakin aikin nan na masu tsayuwa ne, ni kuwa ban saba aiki a tsaye ba. Bayana ya riƙa ciwo, har nakan sauke kayan a kan wani akwati in tsuguna a ƙasa in ƙarasa. Ban yi wa kowa ƙorafi ba. Akwati na biyu ya cika ya tafi, ƙarshen wata ya zo ya wuce, likita bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Kowace safiya Malam ya sa rigar aikinsa bai san ko ta ƙarshe ce ba.

Ranar wata Talata da hantsi planto, ɗan aiken gidan, ya shigo da ambulan daga Yamai. Likita ya farke a tsaye, ya karanta, ya juya shafi, ya sake juya wani. Takarda uku ce cike da rubutu, amsar farko kuwa layi huɗu ce kawai. Ya ce sun ga komai sarai. Wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani suke cin bangon hanjin, a kyanwoyin da yawancin karnukan, kuma akwai maganinsu a nan cikin ɗakin. Ya ce har sun tambaya wane ne sabon ma'aikacin da ke shimfiɗa naman.

Ya dubi Malam ya ce, “Baba, gobe da sassafe za mu magaza, ka zo da buhunan kama kyanwa. Aikin riƙo naka ne har ranar da ka ce ka gaji da kanka.”

Malam ya ce, “To.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juya ya fita daga ɗakin, ya fita daga gidan gaba ɗaya. Na ɗauka har yanzu fushin ne, na zauna a bakin ƙofar baya ina share hawaye da gefen mayafi, ga daɗi ga baƙin ciki.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga shi ya dawo da ƴar kujerata ta tsakar gida, wadda nake zama a kai in yi ɗinki, a saɓe a kafaɗarsa. Tun daga Zango ya ratso da ita ta bakin kasuwa, da rana tsaka, dattijo da gemunsa ɗauke da kujerar mata, masu shaguna suna kallo. Ya shiga ɗakin aiki ya dire ta gaban akwatin da nake tsugunawa, ya goge ta da hannun rigarsa.

Ya ce, “Zauna. Bayanki zai lalace.”

Na zauna. A kanta na yi aikin har shekara biyu, sai da tiyon ya lalace aka rasa mai gyara. Shi kuma ya ƙara shekara tara a gidan kafin ya ajiye da kansa. Dangin Durum suka koma gonakinsu da ƙafafunsu, ba mu binne ko ɗaya ba. Bai taɓa ce mini ya yafe fitar da na yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, sai a ciwonsa na ƙarshe. Na riƙe hannunsa na ce, “Malam, fitar nan tawa.” Ya ce, “Wace fita?” Na ce ta gidan likita. Ya lumshe ido ya ce, “Ai tun a hanyar kasuwa.”

Dakata da rubutun haka nan, ƴar nan, ki miƙo mini ruwa. Allah ya kai haske kabarinsa.